Ramuwar Birnin Laka

Ranar wata Asabar ce a watan Fabrairun 1978. Rana ta ɗaga amma sanyin Jos bai gama sakin yatsunmu ba, muna durƙushe a bakin dam ɗin da ke bayan gidajenmu a Naraguta muna yi wa ganuwar birninmu yaɓe, sai muka ji ƙugin gingimarin Oga Tanko yana yo ribas. Ina 'yar shekara tara a lokacin, yayana Sabo yana da goma sha uku. Birnin na laka ne, faɗinsa bai wuce tabarma uku ba, amma tun ƙarshen damina muke gininsa. Filin wankin mota yana can gefe, kuma fili ne wanda mota biyu za su juya a ciki ba su gogi juna ba. Na ga Oga Tanko ya leƙo kansa ta taga, ya dubi birnin, ya dubi Yaya, sannan ya murɗa sitiyari ya nufo mu. Muka watse da ihu. Yaya ba ya iya gudu, shan inna ya shanye masa ƙafar hagu tun yana goye, sai ya mirgina gefe kamar buhu. Tayar baya ta hau ƙofar gabas, ta bi ta kan kasuwa da fada, ta murƙushe sandar da Yaya yake dogarawa, wadda ya kafa a tsakiyar birnin ya ɗaura mata tsumma a matsayin tuta. Har yau ina jin ƙarar karyewar sandar nan a kunnena. Oga Tanko ya yi gaba, ya sake yo baya don kada wani abu ya tsira, sannan ya ce yana dariya, "Kai gurgu, kwashe sharanka. Dis wan na rod, hanya ce, ba gidan ubanka ba."

Ni na goyo Yaya zuwa gida ran nan. Ya fi ni nauyi, ƙafarsa tana jan ƙasa, mata masu wankin kuza suna kallonmu suna salati. Bai yi kuka ba, ni ce nake yi, kuma ba kukan tausayi ba ne, kukan takaici ne na wanda aka zalunta ya rasa abin bugu. Kafin mu kai ƙofar gida na riga na rantse a zuciyata sai mutumin nan ya gane kurensa.

Sai na koma baya kaɗan kafin a fahimci abin da aka taka. Babanmu ya yi aikin gyaran inji a kamfanin kuza, da kamfanin ya fara durƙushewa aka sallame su, ya koma sana'ar gidansu ta ƙira. Rumfarsa tana ƙofar gida, kuma tunda Yaya ba ya iya zuwa gona ko ɗibar ruwa, shi ne mai zuga. Yana zaune da zugazugi yana kallon yadda Baba yake sayo tsohon sifirin na mota, ya saka a wuta, ya buge shi ya koma fartanya ko wuƙa. A hayin dam kuwa akwai wani katafaren injin haƙar kuza da Turawa suka tafi suka bari, mai dogon wuya, muna ce masa Raƙumin Ƙarfe. A zamanin Baba, in yana aiki ƙasa har rawa take yi. A zamaninmu tsatsa ta cinye shi, ƙadangaru suna shan hantsi a kansa, akuyoyi suna fakewa a ƙarƙashinsa in ana ruwa. Daga waɗannan abubuwa biyu Yaya ya haɗa labarinsa. Ya ce mana abin da ya sami Raƙumi zai sami komai. "Wata rana fetur zai ƙare," in ji shi, "wuta ta ɗauke ba ta dawo ba, rediyo ya yi shiru. Ran nan mai ƙarfe a hannu shi ne sarki."

Zamanin Bayan Wuta yake kiran wannan lokaci, kuma yana ba da labarinsa kamar ya je ya dawo. Kwalta ta tsattsage, ciyawa ta fito ta tsakiyarta, jirgin ƙasa ya tsaya a inda kwanansa ya ƙare, mutane sun mai da taragunsa rumbunan acca. Jos ta rabu gari-gari, kowanne ya kewaye kansa da ganuwa da shingen ƙerana. Mutanen Farin Gada su ne masu kabeji da tumatir da dankali, saboda haka suna da girman kai. Mutanen Congo-Russia maharba ne. Mu 'yan Naraguta mu ne maƙera, fadarmu tana cikin Raƙumin Ƙarfe, kuma kowane gari sai ya zo ya durƙusa mana kafin ya sami takobi. Mayaƙa suna garkuwa da ƙofar mota, suna kifa tukunya a ka, takalmansu na taya, takubbansu na sifirin. Gishiri ya fi zinariya daraja, ayarin jakuna ne ke kawo shi sau ɗaya a shekara. Masu iya karatu sun zama 'yan tsiraru, tsofaffi, ana tsoronsu kamar bokaye. Kuma birnin yana da doka guda wadda Yaya yake maimaitawa da murya ƙasa-ƙasa: duk wanda ya rushe ganuwa ba a kashe shi, igiya ake ɗaura masa a ƙirji, ya riƙa jan keken kayan birni har ya tsufa.

Mu kuwa mun sha wannan labari har ya zama mana abinci. Da an taso daga firamare nake cin tuwo a tsaye, in yi wanke-wanke ina kallon ƙofa, in kai wa Baba ruwa, in cika randar Mama da ƙyar don kada a kira ni, sannan in zura bakin dam. Gaɗa da langa duk mun watsar. Mu kusan goma ne, 'ya'yan Musulmi da na Kirista, amma babbar ƙawata ita ce Saratu, wadda uwarta take wankin kuza da kwano a gefen dam tana sayarwa. Yaya yana zaune yana ba da umarni, mu muna kwaɓa laka. Mun yi ganuwa mai ƙofa huɗu, mun dasa mata ƙananan rassan ƙerana duk da ruwansa yana cin hannu. Gwangwanin madara ne rumbuna, murfin kwalba ne garkuwar mayaƙa, mayaƙan kuma na kara ne. Kowa yana da sarauta. Saratu ce Sarkin Ruwa, ni ce Sarkin Ƙofa, kuma na riƙe muƙamin nan da gaske, don na sha marin yaran da suka shigo ba sallama. A makon da abin ya faru, labarin ya kai inda rundunar Farin Gada ta kewaye birninmu, gishiri ya ƙare, an aiki wata yarinya ta fita ta ramin kuza ta nemo taimako. Ni na san ni ce yarinyar, ko da yake bai faɗa ba.

Oga Tanko direba ne, kuma motar tasa ce, tsohuwar gingimari mai jikin katako da yake ɗauko kayan gwari da ita zuwa Farin Gada. A Congo-Russia yake zaune, amma kowace Asabar yana zuwa dam ɗinmu wankin mota. Mutum ne mai tumbi da agogo, mai son a kalle shi, ba ya taka ƙasa in zai iya taka totur. Wata Asabar ya tsaya a kanmu yana sakace, ya tambayi shirmen da muke yi. Yaya, da yake ba ya iya ɓoye labari, ya zayyana masa komai. Oga Tanko ya ce to ita motarsa fa, me za ta zama? Yaya ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Akurkin kaji za ta yi kyau da shi, Oga." Yara suka fashe da dariya, har karen motarsa ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Wannan dariya ce ya ƙulla a ransa, ƙato da shi, har sati ya zagayo ya zo ya huce a kan yaro gurgu.

Bayan rushewar birnin Yaya ya shiga ɗaki ya ƙi fita. Ya daina zuwa makaranta, ya daina zuga, abinci sai Mama ta yi da gaske. Baba ya lanƙwasa masa sabuwar sanda ta bututun ƙarfe, ya naɗe mata roba a hannu, ya jingine ta a bakin ƙofa, Yaya ko kallonta bai yi ba. Yara suna zuwa su tsaya a tsakar gida suna tambayar ko yarinyar nan ta fita daga ramin, shi kuwa ya juya fuska bango. Na roƙe shi, na yi masa kuka, na zage shi ma. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "Ƙarya ce duka, Jummai. Mai mota ne sarki." Wannan magana ta fi karyewar sandar yi mini ciwo. Na je wurin Baba na ce ya ɗauki guduma ya je Congo-Russia. Ya ce laka ce, a yi haƙuri, Allah yana gani. Mama ta ce in na sake ɗaga maganar za ta fasa mini baki. Na ce a raina, to, ku yi ta haƙurinku, ni ba a haife ni da shi ba.

Na yi tunanin mugunta iri-iri a kwanakin nan. Na yi niyyar zuba masa yashi a tanki, amma tankin yana da kwaɗo. Na yi niyyar shafa ruwan ƙerana a sitiyarinsa don ya murza ido ya makance, har na tara a gwangwani, sai na tuna karen motar ne yake goge sitiyarin, shi kuwa bai yi mini komai ba. Saratu ce ta kawo maganin, ba ta ma san ta kawo ba. Muna wanki a dam, ɗan akuyarsu ya nufi gefen gabas, ta bi shi da gudu ta dawo da shi tana faɗa. A can ne bututun kamfani ya yi shekaru yana zubar da lakar da aka wanke kuza. Da rani samanta yana bushewa ya yi fari, ya yi sumul kamar daɓen ɗaki, ƙarƙashi kuwa kunu ne. Kowane ɗan unguwa da wannan gargaɗi ya tashi, shi ya sa ba a taɓa kafa wata alama a wurin ba, don ba wanda yake buƙata. Saratu ta ce, da irin Hausarta, "Wannan ƙasa maƙaryaci ne. Yaro zai wuce, saniya ba zai wuce ba. Mamana ya ga saniya ya shiga har ƙirji." Na ajiye wankin na tsaya ina kallon wurin. Hanyar mota tana bi ta kusa da shi, kuma Oga Tanko ba ɗan unguwa ba ne.

Muka tara yara na gaya musu za mu sake gina birni, a can tsakiyar farar ƙasar. Manyan cikinmu muka hana su shiga, su ne masu kwaɓa laka a bakin hanya, mu marasa nauyi muna ɗauka a kai muna tafiya a hankali, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin sawunmu. Ba mu damu da kyau ba a wannan karon, tsayi muke so. Muka ɗaga ganuwa har gwiwa, muka kafa dogon kara, na yago gefen tsohon zanen Mama ja na ɗaura, abin da ya jawo mini dukan da ban ji zafinsa ba. Yara suna tsammanin don Yaya ya ji daɗi ake yi. Ni da Saratu kaɗai muka san tarko muke haƙawa, kuma ko a makaranta ba mu yarda mun haɗa ido ba don kada dariya ta tona mu.

Asabar ɗin da aka gama, makonni bayan rushewar birnin farko, hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, iskar farkon damina tana kaɗa jan tsumman nan. Oga Tanko ya iso, aka wanke mota tana ƙyalli. Na lura ya hangi tutar, amma ya yi kamar bai gani ba, sai tsoro ya kama ni kada ya tafi. Na taka har gaban motar, na durƙusa kamar yarinyar kirki na ce, "Oga, ina wuni. Yaya ya ce a gaishe ka, wai an gama gina inda za a ajiye akurkin." Fuskarsa ta canza. Ya hau, ya buga ƙofa. Karen motar ya ɗaga hannu zai yi magana, ya daka masa tsawa. Ya saita bayan motar, ya taka totur da ƙarfi don ya zo da gudu.

Tayun baya suka hau farar ƙasa, suka yi tafiyar da ba ta wuce tsawon motar ba, sai ƙasa ta buɗe. Ba ƙara ta yi ba, wani irin numfashi ta yi, motar ta zauna. Ya taka wuta, tayu suka yi ta juyi suna feshin baƙar laka, tana ƙara nutsewa har cikinta ya kwanta, hancinta ya ɗaga sama. Birnin kuwa yana nan tsaye a bayanta, tuta tana kaɗawa, ko taɓa shi ba ta kai ga yi ba. Oga Tanko ya diro, laka ta karɓe shi har cinya, takalminsa ɗaya ya tafi ke nan. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ko ranar aurena. Ban tsaya dariya ba, na kwasa a guje sai gida, na faɗa ɗakin Yaya na fizge bargon da ya rufa da shi na ce, "Tashi! Labarinka yana faruwa a bakin dam, kai kana nan kwance!" Ya dube ni kamar mahaukaciya. Na ɗauko sandar ƙarfen na cusa masa a hannu. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma ya miƙe.

Kafin mu isa unguwa ta taru. An je an kira wata mota daga Farin Gada, ta zo ta tsaya nesa don direbanta yana tsoron ƙasar, aka ɗaura sarƙa, ta ja, sarƙa ta tsinke. Aka koma ga igiya da ƙarfin mutum. Leburori da manoma suka jeru, ana ba da baki ana ja. A can gaba kuwa ga Oga Tanko, ba riga, ba agogo, laka har gemu, ya naɗa igiya a ƙirjinsa yana ja yana nishi yana roƙon jama'a, "Abeg, ku taimaka, don Allah ku ja!" Yaya ya tsaya dogare da sandarsa yana kallo. Sannan na ji kafaɗarsa tana rawa a jikin tawa don dariya, ya ce a hankali, "Igiya a ƙirji." Yaran da suka ji suka ɗauka, kafin ka ce me duk bakin dam ya amsa, suna tafi suna maimaitawa. Yaya ya nemi dutse ya zauna, muka kewaye shi, ya gyara murya, ya ɗauko labari daidai inda ya ajiye shi: yarinyar ta fito daga ramin kuza, ta hangi ayarin gishiri. Muna ji, ana ja a bayanmu, har ruwa ya fara sauka.

Ruwan nan bai ɗauke da wuri ba, kuma shi ya ƙarasa mini aikin. Dam ya cika, lakar ta saki, motar ta kishingiɗa. Daga baya aka zo aka kwance inji da tayu, aka bar gangar jikin tana fuskantar Raƙumin Ƙarfe. Kaji ba su samu shiga ba, amma agwagin Maman Saratu sun yi ƙwai a mazaunin direba, Yaya ya ce kuskuren hasashensa kaɗan ne. Sifirin ɗin maƙera aka sayar wa, wasu suka zo rumfar Baba, Yaya da kansa ya zuga wutar da aka narka su. Baba ya ƙera mini wuƙa daga ciki, ya miƙo mini yana kallona ta gefen ido, bai tambaye ni komai ba. Shekara ba ta zagayo ba na ga Oga Tanko a Farin Gada yana tura amalanken kabeji, tumbin ya zube. Mama ta ce abin tausayi. Ni kuwa na gaishe shi da murya mai daɗi, har da tambayar ya aiki. An sha ce mini abin da na yi ya yi yawa a kan birnin laka. Masu faɗar haka ba su goyi Yaya Sabo ran nan ba, kuma har gobe in aka mai da ni bakin dam sai na sake kafa jan tsumman.

Yanzu gidaje sun cinye bakin dam, 'yan gwangwan sun yanka Raƙumin Ƙarfe sun auna a sikeli, ba wanda zai nuna maka inda birninmu ya tsaya. Saratu tana can wata unguwa da ba kasafai nake iya zuwa ba, don garin ya ja wa kansa ganuwar da ba a gani tsakanin Musulmi da Kirista, kusan yadda Yaya ya faɗa. Shi kansa ya rasu da daɗewa, bai taɓa kai labarin ƙarshe ba, kullum sai ya ce akwai sauran yaƙi ɗaya. Wuƙar tana nan a madafata, ta sha wasa har ta sirance, da ita nake yanka albasa. In wuta ta kwana biyu ba ta dawo ba, wayoyin jikokina suka mutu, sai su zo su zauna a gabana suna hamma, ni kuma in fara musu da ranar da fetur ya ƙare. Ina ba su yadda na iya, amma da na kai inda yarinyar ta fito daga rami sai in ji ina waiwaye, ina jiran mai labarin ya gyara mini.